Afrilun 1974: lokacin da sabon mulki ya sake zaɓa wa Nijar abokai



In ka zauna a fadar shayi yau ka tambayi matasa yaushe aka fara cewa sojan Faransa su bar ƙasar nan, da yawa za su ce maka 2023. Ba laifinsu ba ne, abin da suka gani da idonsu ke nan, kuma kusan rabin 'yan Nijar ba su cika shekara 15 ba. Amma tsofaffinmu sun san an taɓa yi. A 1974 mulki ya canza hannu a Yamai, kuma cikin wata uku da 'yan kwanaki sababbin shugabanni suka sallami sojan Faransa, suka bar Taiwan suka kama Sin, suka koma teburin cinikin yuraniyom. Mun ga ya kamata mu waiwayi wannan shekara, mu ga abin da suka canza, da abin da suka bari yadda suka tarar, da abin da talaka ya samu a ciki. Dalili kuwa, tambayoyin da ake yi a kasuwar Dan Issa da ta Konni yau, su ne iyayenmu suka yi a wancan lokaci.

Sai mun koma baya kaɗan kafin labarin ya zauna. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 a hannun Diori Hamani da jam'iyyarsa PPN-RDA. Shekara biyu kafin nan, a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, Djibo Bakary da Sawaba sun ce a jefa "a'a" a rabu da Faransa nan take, kamar yadda Gini ta yi. Ba su yi nasara ba, aka haramta jam'iyyar a 1959, shugabanninta suka tsere waje. Ranar 24 ga Afrilu 1961 Nijar da Kodebuwa da Dahome suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. A cikin takardar akwai maganar ma'adinai masu amfani ga tsaro, har da yuraniyom, inda aka ce Faransa za a fara yi wa tayi kafin kowa. Da wannan yarjejeniya sojan Faransa suka ci gaba da zama a Yamai.

To, amma wanda ya ce Diori ɗan amshin shatan Faransa ne kawai, bai karanta labarin duka ba. Lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, Faransa ta tallafa wa masu ɓallewa, Kodebuwa da Gabon ma suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa a watan Mayu 1968. Diori ya ƙi bin su, ya tsaya tare da gwamnatin Yakubu Gowon. A Yamai aka yi zaman sulhu na watan Yuli 1968 a ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Lissafinsa ba ɓoyayye ba ne: iyakarmu da Najeriya ta haura kilomita 1,500, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta Kano take bi zuwa teku, shanunmu can ake sayar da su, kuma babu gida a Gobir ko Katsinar Maraɗi da ba shi da dangi a ƙetaren iyaka. Bayan yaƙi, a 1971, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai, daga nan kuma maganar wutar Kainji ta taso.

Haka ya riƙa neman wasu ƙofofi. Ya jawo Kanada, wadda ta ba da kuɗin hanyar gabas da ake kira hanyar haɗin kai, mai zuwa N'Guigmi. Ranar 20 ga Maris 1970 a Yamai aka haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, shi da Senghor na Senegal da Bourguiba na Tunusiya ne kan gaba. A Janairun 1973 ya yanke hulɗa da Isra'ila, ya matsa kusa da Larabawa. A Maris 1974 ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya ta Gaddafi. A waje dai sunansa ya kai inda ake so, ana kiransa sulhu nan da can.

A gida kuwa rumbu ya bushe. Fari ya kama Sahel tun 1968, ya yi tsanani a 1973. Makiyaya suka rasa dabbobi, Buzaye da Fulani suka gangaro kudu, dubban mutane suka taru a sansanin Lazaret kusa da Yamai suna jiran a ba su abin da za su sa a baki. Taimakon hatsi yana shigowa daga waje, amma magana ta cika gari cewa wasu manya na karkatar da shi suna sayarwa. 'Yan lakwal da malamansu suka yi ta yajin aiki. Soja, waɗanda ake turawa ƙauyuka, su suka fi kowa ganin halin da ake ciki. Shugaban da duniya ke tafa wa, mutanensa suna haƙar gidan tururuwa suna neman tsaba.

Ana cikin haka maganar yuraniyom ta taso. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da ƙarfe a Arlit a 1971. A ƙarshen 1973 Larabawa suka ɗaga farashin man fetur har ya ninka kusan sau huɗu, Faransa ta ga ba ta da mafita sai wutar nukiliya, kuma a Maris 1974 firaministanta Pierre Messmer ya shelanta babban shirin gina tashoshi. Diori ya ce to, in mai ya yi daraja, ai abin da zai maye gurbinsa ma ya yi daraja. Ya haɗa kai da Gabon suka nemi a sake farashi. Faransa ta aiko Yves Guéna Yamai a watan Maris, aka zauna, aka tashi ba a daidaita ba, aka sa ranar sake zama cikin Afrilu.

Ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Georges Pompidou ya rasu. Ƙasar ta shiga riƙon ƙwarya a hannun Alain Poher, 'yan siyasarta duk hankalinsu ya koma zaɓe. Kwana goma sha uku bayan haka, da asubahin 15 ga Afrilu, hafsan hafsoshin sojan Nijar, Laftanar Kanar Seyni Kountché, ya kifar da Diori. An kashe uwargidan shugaba, Hajiya Aissa Diori, a fadar gwamnati a daren. Shi kuma aka kai shi Damagaram aka tsare har 1980. Ka ga ke nan canjin mulki biyu ne suka haɗu a wata guda, ɗaya a Paris, ɗaya a Yamai.

Har gobe ana gardama kan ko da hannun Faransa a juyin. Abin da kowa ya shaida shi ne sojanta da ke Yamai ba su motsa ba. Shekara goma kafin nan, a 1964, da soja suka kifar da Léon Mba a Gabon, Faransa ta sauke dakaru ta maida shi kan kujera cikin kwana biyu. Diori yana da irin wannan takarda a hannu, amma ranar da ya buƙace ta ba wanda ya zo. Sababbin masu mulki sun ga wannan da idonsu, kuma sun ɗauki darasi.

Majalisar ƙoli ta soja, wato CMS, ta tarar da aiki biyu a gabanta. Dole ta gamsar da mutanen gida cewa yanzu ƙasa ta zama tasu. Dole kuma ta gamsar da masu aiko da hatsi da kuɗi cewa ba a shiga rikici ba, jirage da manyan motoci su ci gaba da zuwa. Maganar da ke faranta ran 'yan lakwal a Yamai tana iya tsorata mai ba da taimako, wadda ke kwantar da hankalin mai ba da taimako kuma tana iya sa 'yan gida su ce ai ba a rabu da Bukar ba. Duk gwamnatin da ta hau da rana tsaka tana shiga wannan tsaka mai wuya. Yadda Kountché ya bi da shi, shi ne abin dubawa.

A watan Mayu 1974 CMS ta nemi sojan Faransa su tattara su tafi, kuma suka tafi. Amma jakadan Faransa ya ci gaba da zama, malaman makaranta da likitocinta suna nan, saifa na nan, kamfanin Arlit bai tsaya ba. A wannan shekarar ma aka kafa kamfani na biyu, Cominak, na Akouta, wanda Japanawa suka shiga da jarinsu, daga baya Sifaniyawa ma suka shigo. Cinikin da ya tsaya a hannun Diori aka ci gaba da shi da gwamnatin sabon shugaba Giscard d'Estaing. Kason Nijar a Somaïr, wanda bai kai kashi 17 cikin 100 ba, ya koma kashi 33. A 1976 aka kafa ONAREM domin ta riƙe hannun jarin ƙasa ta kuma sayar da rabonta, har Nijar ta sayar wa Libiya da Pakistan ba tare da neman izinin kowa ba. A 1977 aka sa hannu kan sababbin yarjejeniyoyi da Faransa a madadin na 1961. Wato abu ɗaya ya cire, wanda ya fi tsaya wa mutane a rai, sauran ya zauna ya yi ta jayayya a kansu sannu a hankali har shekara uku.

Sai maganar Sin. Tun 1963 Diori ya ƙulla hulɗa da Taiwan, kuma yana da dalilinsa na cikin gida: wasu daga mayaƙan Sawaba da suka kutso ƙasar a 1964 a Sin suka samu horo, kuma a Afrilun 1965 aka jefa masa gurneti a filin idin babbar salla a Yamai, Allah ya yi da sauran kwanansa. Saboda haka ko a 1971, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba gwamnatin Beijing kujerar Sin, Nijar tana cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar ƙi. Kountché ba shi da wannan gaba a wuyansa. Ranar 20 ga Yuli 1974 Nijar ta ƙulla hulɗa da Beijing, Djibo Bakary ma aka bar shi ya dawo gida a wannan shekara, ko da yake a 1975 aka kama shi aka rufe. Daga wannan ƙulli likitocin Sin suka fara zuwa asibitocinmu, kuma babban filin wasa na Yamai mai sunan Kountché su suka gina shi.

Ta wajen Larabawa kuwa, abin da Diori ya shuka ba a tumɓuke ba. A taron ƙasashen Musulmi na Lahore a Fabrairun 1974, wata biyu kafin juyin mulki, aka yanke shawarar gina jami'ar Musulunci a Nijar. Sojoji suka riƙe maganar har aka buɗe ta a Say a 1986. A 1974 ɗin aka kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta Nijar, wadda ta zama bakin gwamnati wajen malamai a gida, ta zama kuma fuskar ƙasa wajen Saudiyya da sauran masu kuɗin mai. Libiya ce abin ya ƙi daɗi. An zarge ta da hannu a yunƙurin juyin mulkin Maris 1976, kuma a Janairun 1981, bayan Gaddafi ya shelanta haɗewa da Cadi, Yamai ta sallami jami'an jakadancinta. Ƙawancen da aka sa wa hannu da murna a Maris 1974 bai cika shekara bakwai ba.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba, wato yaƙin shiga kunnen mutane. Harkar waje ba a ofishin minista kaɗai ake yin ta ba, kowace ƙasa tana son talakan wata ƙasa ya ji ta bakinta kai tsaye. Mu masu jin Hausa mun daɗe a tsakiyar wannan kasuwa. BBC ta fara Hausa a 1957. Rediyon Beijing ya fara a 1963, shekarar da Diori ya zaɓi Taiwan, wato gwamnati ta rufe ƙofa amma murya tana shigowa ta akwatin rediyo. Jamus tana magana da Hausa, Mosko ma haka, Muryar Amurka ta biyo a 1979. Ga Rediyon Kaduna da kowane gida ke kamawa. A wancan lokaci Faransa na da cibiyar al'adu a Yamai, Amurka kuma ta fara turo matasanta na Peace Corps ƙauyukanmu tun 1962. Manomi a Tessaoua yakan ji labarin Yamai daga Landan kafin ya ji daga Yamai.

Sojojin 1974 sun gane haka. Jaridar gwamnati, Le Temps du Niger, ta koma Le Sahel, rediyon ƙasa ya zama Muryar Sahel. Aka farfaɗo da Samariya a kowace unguwa da ƙauye, da sarkin samari da magajiya, suna aikin gayya suna kai saƙon gwamnati. Kountché da kansa yakan faɗo wa ma'aikata a biro ba sanarwa, ya zagaya jihohi yana duba rumbunan OPVN. Wannan duka magana ce da 'yan gida, amma 'yan waje ma suna kallo. Mai ba da buhu dubu yana son ya ji cewa buhun ya isa Tanout. Sunan da Kountché ya yi na mutum mai tsanani wanda ba ya wasa da dukiyar jama'a, shi ya zama jarinsa wajen masu ba da taimako, ya fi duk wani jawabi da jakada zai yi.

Me talaka ya samu? Daga 1975 zuwa 1980 kuɗin yuraniyom ya shigo ba kama hannun yaro. Aka soke jangali, daga baya aka sauke harajin kai da ya daɗe yana korar magidanta zuwa ci-rani. Aka shimfiɗa gudron Tawa zuwa Arlit, aka kafa Sonichar a Anou Araren, wutar Kainji ta iso Yamai ta Birnin Kebbi a 1976, manyan gine-gine suka tashi a bakin kogi. Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Babu jam'iyya, babu majalisa, babu jaridar da za ta ce uffan. Sani Souna Sido, mataimakin Kountché a juyin mulki, an kama shi a 1975, ya mutu a tsare. Mutane suna magana suna waige. Kuma da farashin yuraniyom ya faɗi bayan 1980, bashin da aka ci da sunan arzikin gobe ya tsaya a wuya, har a 1983 Nijar ta je wajen asusun lamuni na duniya. Kason da aka ƙwato da ƙyar yana nan, amma farashin a kasuwar wasu ake yanka shi.

Jarrabawa mafi zafi daga kudu ta zo, kuma ita ma canjin mulki ne ya kawo ta. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da Shehu Shagari a Najeriya, Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya hau. A Afrilun 1984 ya rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya ya canza takardun naira. Dalilinsa na cikin gidansa ne, fasa-ƙwauri da kuɗin da aka boye a waje, ba da mu yake ba. Sai daminar 1984 ta ƙi. Hatsin da aka saba kawowa daga Jibiya ya tsaya, dabbobin da makiyayi zai kai ya sayar ya sayi dawa suka rasa hanya, 'yan ci-rani aka koro su a 1985. Shi ya sa har yau a Maraɗi da Damagaram in tsoho ya ce El Buhari, yunwar nan yake nufi. Shugaban wata ƙasa ne, bai taɓa mulkinmu ba, amma sunansa muka raɗa wa yunwarmu. Ba a buɗe iyakar ba sai Maris 1986, bayan Babangida ya karɓi mulki.

A wannan shekara ce amfanin ƙofofin da ba a rufe ba ya fito. A Disambar 1984 Kountché ya je Washington ya gana da Ronald Reagan, hatsin taimako ya shigo daga Amurka da Turai da Larabawa. An sha wuya, an rasa dabbobi da rayuka, amma akwai wanda za a kira a waya. Da a 1974 an ɓata da kowa lokaci guda, da 1984 ta same mu ba kudu ba arewa. Kountché ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987 a wani asibitin Paris, birnin da ya sallami sojansa. Diori ya bi shi a 1989 a Rabat.

Bayan su an sake gwada canza aboki, ta wata hanya dabam. Gwamnatin riƙon ƙwarya da taron ƙasa na 1991 ya kafa, ƙarƙashin firaminista Cheiffou Amadou, ta tarar da baitulmali wayam, ma'aikata na bin albashin watanni. A Yunin 1992 ta koma wajen Taiwan domin samun bashi, Beijing ta janye jakadanta da ayyukanta. An biya albashi, an huta na ɗan lokaci. A Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki, a Agustan shekarar ya sake komawa Beijing. Bashin Taiwan kuwa bai bi jakadanta ya tafi ba. Bankinta ya kai Nijar ƙara a kotun New York, ba a sasanta ba sai 2015. Tsakanin 1963 da 1996 sau huɗu muna canza wa Sin suna, uku daga ciki a farkon sabuwar gwamnati. Wanda ya sa hannu ya sauka, wanda ya biya kuwa yara ne da ba a haifa ba ranar da aka sa hannun.

Abin da ya faru daga 26 ga Yuli 2023 ba sai mun ba ku labari ba, da ku aka yi. CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga wata, Najeriya ta yanke wuta ta rufe iyaka, aka yi ta maganar yaƙi. Jakadan Faransa ya tafi a Satumba, sojanta na ƙarshe suka bar ƙasa ranar 22 ga Disamba, na Amurka suka bi su a 2024. Nijar ta haɗa kai da Mali da Burkina Faso, ta fice daga CEDEAO, a 2025 kuma ta fice daga ƙungiyar masu Faransanci da aka haifa a Yamai. Ko'ina ka zauna za ka ji masu cewa an yi daidai da masu cewa an yi sauri, kuma wannan hukunci na shekaru masu zuwa ne. Amma mu lura da waɗanda suka iya shiga tsakani lokacin da jakadu suka kasa. Tsohon Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi, ya zo tare da Sarkin Damagaram. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta zo. Sarkin Musulmi ya zo tare da Janar Abdulsalami Abubakar. Sanatocin arewacin Najeriya suka ce ba su yarda a ɗauki bindiga a kan 'yan uwansu ba. Janar Tiani da kansa ya zauna a talabijin ya yi bayani da Hausa, ya san sarai ana jinsa a Kano da Sakkwato kamar yadda ake jinsa a Tawa. Zumuncin da ya hana Diori bin Faransa a 1968, shi ne ya yi aiki a 2023.

To me muka ɗauko daga 1974? Ta nuna ƙasa matalauciya, tana cikin yunwa, tana iya cewa soja baƙi su fita kuma su fita, sama ba ta faɗo ba. Ta nuna kuma cewa wanda ya yi hakan ya tsaya ya ƙirga abin da ke rumbu kafin ya zaɓi faɗan da zai yi da wanda zai ɗage. Aboki na nesa ana canza shi, mun canza Taiwan, mun canza Libiya, mun canza Isra'ila. Najeriya kuwa tana nan inda take, ko wa ke mulki a Abuja ko a Yamai, kuma ranar da aka rufe Jibiya, farashin tiyar hatsi a kasuwar Maraɗi ne ke fara ba da labari.

Shi ya sa muke ganin duk lokacin da aka ce mana an samu sabon aboki ko an rabu da tsoho, haƙƙinmu ne mu yi tambayoyin da iyayenmu ba su samu bakin yi ba a 1961 da 1992. Me aka rubuta a takardar? Shekara nawa za ta ɗaure mu? In bashi ne, wa zai biya? In damina ta ƙi, ta wace hanya hatsi zai shigo? Yin wannan tambaya ba rashin kishin ƙasa ba ne, mai gida ne ke tambayar abin da aka sayo da sunansa.

Waɗanda suka ga 1974 da El Buhari suna nan a gidajenmu, amma suna raguwa. Mu zauna da su mu ji yadda aka yi a garinsu, wace hanya aka bi da shanu, wa ya kawo hatsi, me aka ji a rediyo da safen nan na Afrilu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya.